Takalma a Bakin Ramin Manzo

In ka je Gure ka tambayi tsofaffi inda gidan Manzo yake, ba za su nuna maka da yatsa ba. Da haɓa za su nuna, can gefen gari wajen hanyar Kelle, sannan su sake zance. Kango ne yanzu, tudun jar ƙasa mai kwari a tsakiya. Ciyawa ba ta fita a kansa, awaki ma in sun iso nan sai su kewaye. Na daɗe ina bin labarin gidan nan a bakin waɗanda kakanninsu suka yi haƙa da hannunsu, kuma har yau in na tuna ƙarshensa sai abinci ya fita raina.

A shekarun alif ɗari tara da talatin da wani abu, lokacin da kumandan Bafaranshe ke zaune a barikin Gure, akwai masu haƙar tama a gindin duwatsun arewa da gari. Tama ita ce dutsen da maƙera ke narkawa su fid da ƙarfe. Ana haƙa rami kamar rijiya, in an kai ga jijiyar dutsen sai a bi ta a kwance, mutum yana rarrafe da dagi da 'yar fitilar mai. Masu aikin suna da ƙa'ida biyu da suka gada. Ba a cinye tamar duka, ana barin ginshiƙai a tsaye su riƙe ƙasar da ke bisa. Sannan duk wanda zai sauka sai ya tuɓe takalminsa a bakin rami, don matakalar 'yan ramuka ce a jikin bango, yatsun ƙafa kaɗai ke kama su. Da la'asar kowa ya fito ya ɗauki nasa. In takalmi ya rage ba mai shi, an san akwai mutum a ƙasa, sai babban ma'aikata ya durƙusa a baki ya yi ta kiran sunansa har ya amsa.

Manzo ya gaji rami ɗaya daga ubansa. Ramin ya ciyar da uban, ya ciyar da kakan, amma Manzo ba ci kawai yake so ba. Mutum ne da in maƙwabci ya ɗinka sabuwar riga, shi sai ya kwana da ciwon kai. Ga shi jijiyar tamar ta soma sirancewa, ga ƙarfen Turawa ya fara shigowa kasuwa daga Kano. Kullum ya zauna sai ƙorafi. Matarsa Biba takan ce masa ba su taɓa kwana da yunwa ba, ya gode wa Allah. Shi kuwa sai ya ce don Habsu yake yi. Habsu ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da suka haifa, kuma gaskiya yana sonta kamar ransa. In ta kawo masa ruwa ta durƙusa, duk fushinsa sai ya sauka. Amma zancen don Habsu yake yi, wannan kam shi ya gaya wa kansa. Yarinyar ba ta taɓa roƙonsa abin da ya wuce zanen salla ba.

Wani mai raƙuma ne ya ba shi labarin Ɗan Talata, bokan da ke zaune a wani kwarin kanwa da ruwansa ya ƙafe, gaba da Bune. Ya ce masa tsohon ba ya karɓar kuɗi, amma in zai je ya tafi da ƙasa ƙulli biyu, ɗaya daga bakin raminsa, ɗaya daga dokin ƙofar gidansa. Manzo ya ce wa Biba zai je neman masu saye.

Ya isa da rana tsaka, lokacin da mai hankali ba ya yawo a daji. Kwarin fari fat, kututturan goruba sun mutu a tsaye, babu ko kukan tsuntsu. A tsakiya akwai bukkar kaba guda. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya sunkuya zai tuɓe takalmi, kamar yadda duk ɗan mutunci ke yi a ƙofar mutane.

"Bar su a ƙafarka," in ji wata murya daga ciki. "A nan ba a tuɓewa."

Da ya shiga, sanyi ya fara dukansa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali wurin ya shekara bai ga ruwa ba. Sanyin daga wani tulu yake fitowa, wanda aka binne har wuya a tsakar bukkar, an ɗaura masa jan tsumma, bakinsa ya yi baƙi da tsohon jini. Da idonsa ya saba da duhu ya ɗaga kai, sai ya ga abin da ke rataye a rufin. Takalma ne. Na fata, na itace, na manya, na mata, har da wasu ƙanana da ba su kai tafin hannu ba. Ɗan Talata yana zaune bayan tulun, ɗan ƙaramin tsoho mara gashin gira, ƙafafunsa cikin wasu takalma da suka yi masa yawa.

Manzo ya fara dogon bayani, tsohon ya katse shi ya ce ya miƙo ƙasar. Ya haɗa ƙullin biyu a ƙoƙo, ya yanka baƙin bunsuru a kai, ya kwaɓa da hannu yana magana cikin tulun a hankali, kamar mai lallashin yaro. Abin da ya tayar wa Manzo da tsigar jiki shi ne, in tsohon ya yi shiru, wani abu yana amsawa daga ƙasa. Tsohon ya dunƙula curi, ya raba shi biyu. Ya ce a binne rabi a bakin rami, rabi a dokin ƙofa. Manzo ya tambayi abin da ya haɗa gidansa da wannan. Tsohon ya ce in dukiya ta fito, ai sai ta san hanyar gida.

"Saura abin da za ka ba ramin," in ji Ɗan Talata. "Kada ka bar masa ginshiƙi, kada ka tokare shi da itace. Ba ya son komai ya shiga tsakaninsa da abincinsa."

"Mene ne abincinsa, Baba?"

"Kowace shekara zai duba takalman da aka tuɓe a bakinsa. Zai zaɓi wanda ya yi masa."

Manzo ya fahimta sarai, kada wani ya ce maka bai fahimta ba. Ya tuna ma'aikatansa, 'yan ci-rani ne mafi yawansu, waɗanda ko sunan ƙauyensu bai riƙe ba.

"Ban da ni," ya ce. "Ban da jinina."

"Kai kana sauka ramin?"

"Na daina."

"'Yarka tana zuwa can ta tuɓe takalmi?"

"Ba ta ma san hanyar ba."

"To me kake tsoro, maigida?"

Manzo ya ɗauki curin biyu ya sa a aljihu. Da ya fito bai waiwaya ba, kuma a hanya har ya yi wa kansa murna cewa ya iya ciniki.

Ya koma ya binne curin yadda aka ce masa. Kafin wata ya mutu dagi ya faɗa kan wata jijiya baƙa wuluk, mai nauyi, irin da tsofaffin maƙera ba su taɓa gani ba. Ƙarfenta ba ya karyewa. Hauyar da aka ƙera da shi tana shekaru ba ta dakushe ba. Maƙeran Gidigir suka zo da jakuna, na Damagaram suka zo da raƙuma, suna kwana a bakin rami suna jiran layi. Manzo ya ce a sare ginshiƙan da ubansa ya bari, don su ma tama ce. Garbai, tsohon da ke shugabancin masu haƙa tun zamanin uban, ya ce ba da hannunsa ba. Manzo ya ƙara wa samari lada, suka sare.

Bayan damina ta farko, wata la'asar, takalmi ya rage. Na wani saurayi ne mai suna Illa, wanda ke tara sadaki. Garbai ya durƙusa ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Da aka sauka, aka tarar lungun da Illa ke ciki ya rufe ruf kamar ba a taɓa haƙa shi ba. Washegari takalmin ma babu shi, kuma ba wanda ya ce ya ɗauka. Manzo ya yi sadakar gero mai yawa, mutane suka yaba masa. Shekara ta kewayo, wani takalmin ya rage. A wannan shekarar ya aurar da Habsu ga wani ɗan kirki a Kelle, da kayan ɗakin da aka daɗe ana zancensu.

Labari ya kai bariki. Kumandan na lokacin wani siririn Bature ne mai yawan tari. Kada ka ɗauka waliyyi ne, shi ne dai ke kwasar mutane aikin dole a kan hanyar mota, in sun mutu bai ko tambayi sunansu ba. Amma zancen rami yana taɓa shi a wani wuri. Tafinta ya ce a ƙasarsu ana haƙa kwal, wani irin gawayi na cikin ƙasa, kuma uban kumandan a irin wannan rami ya rage, ba a ko samo gawarsa ba. Sai ya kafa doka: duk mai ramin haƙa a ƙasar Gure ya bar ginshiƙai, ya tokare kowane lungu da gungumen goruba, gardi, wato dogarin bariki, zai zo ya duba. Wanda ya ƙi, a rufe raminsa.

Manzo ya ce ya ji, ya bi. Ya sa aka saro gungume masu kyau, aka kai su bakin rami da rana kowa na gani. Da gardi ya zo, aka yanka masa rago. Ya leƙa ramin ya ga duhu, ya dubi takalmansa na bariki masu igiya, aka ce masa sai ya tuɓe su in zai sauka. Ya ce ai ya ga itatuwan da idonsa, wannan ya isa. Yana juya baya Manzo ya sa aka ɗora gungumen a raƙuma zuwa gari. A lokacin yana gina sabon soro a ƙofar gidansa, da jar ƙasar da ake fitarwa daga ramin, don babu ƙasar gini irinta. Da itatuwan dokar kumandan ya rufe soron nan. Yakan zauna a ciki ya ɗaga kai ya yi dariya, ya ce Nasara ya yi masa rufi.

Da takalmi na uku ya rage, kumandan da kansa ya hau doki ya zo. Ya tuɓe nasa ya sauka, abin da ya ba kowa mamaki. Ya fito jikinsa duk ƙasa, fuskarsa ta yi ja, ya ce ko tsinke bai gani ba a ciki. A ranar aka cika bakin ramin da duwatsu, aka zuba ƙaya a kai, aka kori gardin daga aiki. Manzo kuma ya yi 'yan watanni a kaso. Garbai ya ce a rayuwarsa bai taɓa tsammanin zai yi wa Nasara addu'a ba sai ran nan.

Manzo ya fito a rame, amma zuciyarsa wasai. A ganinsa ya ci riba: rami ya rufe, alkawari ya ƙare, raƙuma da rumbuna da soro suna nan.

Biba ce ta fara gani. Kowace safiya sai ta tarar da jar ƙasa ɗanya a dokin ƙofa, ta share, gobe ta sake tararwa. Sannan ta fara jin bugun dagi a ƙarƙashin tabarmarta, dum, dum, a hankali, ko da rana. Manzo ya ce gara ce. Da damina ta wuce, ƙanensa Ma'azu, wanda ke kula masa da raƙuma, ya dawo daga kiwo, ya tuɓe takalmi a ƙofar soro ya shiga ya ɗan kishingiɗa. La'asar ta yi bai fito ba. Aka tarar da shi kwance yadda ya kwanta, babu rauni, rufi lafiya lau. Amma bakinsa da hancinsa cike suke da jar ƙasa, farcensa duk sun kakkarye. Da aka dawo daga maƙabarta, takalminsa ba ya ƙofar.

Manzo ya ɗauki dagi ya tone dokin ƙofa don ya fid da curin. Bai same shi ba. Dagin ya kuɓuce daga hannunsa ya faɗa cikin wata ƙaramar kafa, bai ji saukarsa ba, sai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka bugo fuskarsa. Ya toshe da sauri, ya hau raƙumi sai Bune.

Ɗan Talata bai ko ɗaga kai ba. Manzo ya gane takalmin ƙanensa a rataye, da facin da shi kansa ya sa aka yi masa.

"Ka ce ban da jinina!"

"Ni ban ce ba. Tambayarka na yi, ka amsa. Baki biyu ka yi masa da hannunka. Nasara ya toshe ɗaya, ta ina kake so ya ci?"

Manzo ya faɗi ƙasa yana roƙo, ya ce a gaya masa mafita, ko nawa ne. Tsohon ya ce mafita ɗaya ce, kuma ba ta da tsada. Ya kama hannun matarsa su fita daga gidan da rigar jikinsu. Kada ya ɗauki ko allura daga abin da ramin ya ba shi, kada ya sayar, kada ya ba wani. Ya bar wa ramin kayansa.

Nan ne nake jin haushin Manzo fiye da ko'ina. An buɗe masa ƙofa. Da ya bi ta, da Habsu ta ga jikokinta. Amma tun kafin ya kai rabin hanya ya fara lissafin raƙuma, ya hango kansa yana roƙon aiki a gonar waɗanda jiya ke durƙusa masa. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ya yi wa gardi. Shi ramin, takalmin da aka tuɓe yake zaɓa. To in ba a tuɓe ba fa?

Daga ranar ya hana kowa cire takalmi a gidansa. Baƙo ya sunkuya a ƙofa, sai Manzo ya daka masa tsawa. Liman ya zo gaisuwar Ma'azu, aka ce ya hau tabarma da takalmi, ya juya bai sake zuwa ba. Barori suka gudu ɗaya bayan ɗaya. Manzo ya daina zuwa masallaci, don ko can ya kasa yarda ya raba ƙafarsa da fata. Biba kuwa ta ɗaure nata da igiyar kaba har ƙafafun suka kumbura suka yi ruwa. Tana zaune a tsakar gida tana kasa kunne ga ƙasa, in an yi mata magana sai ta ce a yi shiru, Illa yana neman hanya. Gari duka ya ce dukiya ta haukata gidan Manzo.

Abu ɗaya bai yi ba. Bai aika Kelle ba. Me zai ce wa surukansa? Ya gaya wa kansa cewa Habsu tana nesa, tana lafiya, in lokacin zuwanta ya yi zai tare ta a hanya.

Ita kuwa Habsu tana da cikin fari, kuma al'ada ce mace ta koma gidan iyayenta ta haihu. Ta ji ƙishin-ƙishin cewa uwarta ba ta da lafiya, sai ta matsa wa mijinta ya bar ta ta taho tun kafin lokaci. Damina ta sake wucewa a lokacin, ana cikin yankan gero.

Ran nan da hantsi Manzo yana zaune a gindin wata bishiya tsallaken hanya, yana ciniki da wani mai sayen raƙumi. Sai ya ga takarkari ya tsaya a ƙofar gidansa, wata mace mai nauyin jiki ta sauko a hankali tana dafe da baya. Kafin ya gane zanen, ta kai dokin ƙofa. Ta yi abin da shi da kansa ya koya mata tun tana tatata. Ta zare takalmanta, ta jera su gefe ɗaya tsaf, ta yi sallama ta shiga soro.

Manzo ya ƙwala kiran sunanta, ya taso a guje, rawaninsa na warwarewa. Habsu ta ji muryar ubanta a bayanta. Wata 'yar da ta ji irin wannan ihu sai ta fito ta ga ko lafiya. Amma Habsu ba ta taɓa amsa kiran ubanta a tsaye ba. Ta juyo, ta durƙusa a nan cikin soron, da ƙyar saboda cikin, fuskarta cike da murna.

"Na'am, Baba. Na same ku laf—"

Waɗanda ke wurin sun ce ba a ji wata babbar ƙara ba. Gungumen goruba suka sauko gaba ɗaya, daɓen ya buɗe ya karɓe su, bangon ya bi baya. Ƙura ta tashi ja, ta kwanta.

Duk gari ya fito da hauya da kwando. Garbai, da tsufansa, shi ya shiga gaba. Suka yi ta tono har hannuwa suka fashe. Sun sami itatuwan, sun sami ƙasa, sun sami dagin Manzo can ƙasa inda bai kamata ya kai ba. Habsu kam ba su same ta ba. Takalmanta suna nan a jere inda ta ajiye su, ko ƙura ba ta hau kansu ba. Manzo ya rarumo su ya rungume, ya ce wannan karon ba mai ɗauka. Ya riƙe su a ƙirjinsa har gari ya waye. Da ya buɗe hannunsa, jar ƙasa ce kawai a ciki.

Dangin Biba suka zo suka tafi da ita, ba ta sake gane kowa ba har ta rasu. Raƙuman suka mutu da wata cuta, gara ta cinye rumbunan. Manzo ya daɗe a raye, wannan ma yana cikin hukuncinsa. Kowace la'asar sai ya zo bakin kwarin da soron ya bari, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gabansa yana roƙon a zaɓe shi. Ba a zaɓe shi ba. Sai ya durƙusa kamar yadda Garbai ke yi, ya sa bakinsa kusa da ƙasa, ya yi ta kiran Habsu har duhu ya shiga. Tsofaffin da suka gan shi suna yara sun ce abin da ya fi ba su tsoro shi ne yadda yake yin shiru tsakanin kira da kira, yana jiran ta ce na'am.

Kai mai jin labarin nan, kada ka ce ai kai ba ka san hanyar boka ba. Manzo ya gama halaka tun ranar da ya dubi takalman 'ya'yan mutane a bakin raminsa ya ga ba asararsa ba ce. Duk wanda ya yarda ɗan wani ya shiga ƙarƙashin ƙasar da ya san ba a tokare ta ba, don riba ta ƙaru, ya riga ya binne rabin curin a ƙofar gidansa. Ka ji tsoron Allah, ka ci abin da guminka ya kawo. In ka ƙi, ka fita yau ka dubi takalman da ke jere a ƙofar ɗakinka, ka gaya mini wanne a ciki za ka iya bayarwa.